Daga Kano zuwa Tamale: watannin da na yi ina aikin sa-kai tare da naƙasassu

Ana cikin girbin gero na bar Kano. Wata ƙungiya da ke wayar da kan jama'a game da naƙasa a arewacin Gana ce ta nemi masu aikin sa-kai, ta kuma ce ta fi son wanda ya iya maganar hannu. Ƙanwata kurma ce, sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana ƙarama, ta yi karatu a makarantar kurame ta Tudun Maliki, a wurinta na koya. Sharaɗinsu a fili yake: babu albashi, za a sauke ka a gidan mutanen gari, a ba ka abinci da ɗan kuɗin mota duk mako, amma kuɗin zuwa da na dawowa daga aljihunka. Mahaifiyata ta so ta hana. Da ta ji aikin na irin su ƙanwata ne, sai ta ce, "Je ka, Allah ya tsare hanya," ta ƙulla mini kuka da daddawa da yaji.

Kakanninmu fatake ta Borgu da Yendi suke bi su je Gwanja sayen goro, amma direbobi suka ce mini ta bakin teku ta fi sauƙi yanzu. Motar dare ta kai ni Legas, babu abin faɗa sai ciwon baya. Wahala ta fara ne daga hanyar Badagry zuwa iyakar Seme. Shinge ne bayan shinge, wani ma kana hango na gabansa. Wani wurin katako mai ƙusoshi aka shimfiɗa, wani tsohuwar taya, wani igiya kawai. Direba ya tanadi canji a gefen sitiyari, yana miƙawa ko kallon mai karɓa ba ya yi. Ina da fasfo na ECOWAS da katin rigakafin zazzaɓin shawara, na ɗauka shi ke nan. A ɗaya daga cikin iyakokin wani jami'i ya buɗe fasfon, ya ga ba a taɓa buga masa hatimi ba, ya ce sabon fasfo kuɗinsa daban ne. Wata Hajiya 'yar kasuwa da muke mota ɗaya, wadda ta saba da hanyar, ta matso ta ce, "Ɗana, kada ka ɗaga murya, kada kuma ka ba da abin da ya fara faɗa." Ita ta yi mini ciniki har aka sauko kusan rabi. Rasit kuwa ba a ba ni ba.

A motar akwai wani dattijo mai sanduna biyu, shan inna ya taɓa masa ƙafa. Duk iyaka sai kowa ya sauka ya taka da ƙafa, ya hau matakala zuwa tagar da ake buga hatimi. Iyaka uku ke nan: Najeriya da Benin, Benin da Togo, Togo da Gana. A kowace sai ya lallaɓa ya sauko, ya ratsa rairayi da 'yan canji da masu dako, mutane suna ƙorafin ya ɓata musu lokaci. Tun ban isa wurin aikin ba na fara ganin dalilinsa.

Kwatano muka ratsa cikin hayaƙin babura. Togo kuwa siririya ce a bakin teku, kafin ka gama kallon bishiyoyin kwakwa ka shiga Lome, iyakar Aflao kuma a jikin birnin take. Daga Togo ake mayar da agogo baya da awa 1. Na canza naira zuwa sefa, na sake canza sefa zuwa sidi, kowane canji sai an ci wani abu a kaina. Na kwana a unguwar Nima a Akra, gidan ɗan'uwan Hajiyar nan. Hausa ake yi ko'ina a Nima, sai dai tasu ba ta raba mace da namiji, za ka ji an ce "matata ya zo" kuma ba wanda ya ɗaga kai. Washegari na hau babbar mota zuwa Tamale, tafiyar kusan kilomita 600, ta cinye yini guda har da wani abu na dare. Kurmi ne har Kumasi da Techiman. Bayan Kintampo sai ƙasa ta buɗe, ga kaɗanya ga ɗorawa ga kuka, ga bukkoki masu jinka, hankalina ya kwanta. Muka haye gadar Buipe da ta Yapei a kan rassan kogin Bolta, muka shiga gari ana kiran sallar isha'i.

An sauke ni gidan wata Hajiya Badagwamba wadda mijinta ya rasu, sana'arta man kaɗanya. Gida ne mai faɗin tsakar gida, ɗakuna sun kewaye shi, da jikoki da 'ya'yan riƙo da 'yan haya. Abin da ta fara koya mini gaisuwa ce. Da safe ka rusuna ka ce "Dasiba", a amsa "Naa", daga nan duk abin da aka tambaye ka, kwana ne, gajiya ce, sanyi ne, amsarsa "Naa". Dagwamba ba sa wasa da gaisuwa, yaro ba ya gaida babba a tsaye. Hajiya tana jin Hausa sosai, ta ce a kasuwar Aboabo ta koya tun tana budurwa. "Ɗana" take kirana, ni kuma in ce mata "Mma" kamar yadda 'ya'yanta suke faɗa.

Ta wajen abinci ban yi baƙunta ba. Da safe koko mai citta da ƙosai, a lokacin sidi 5 ya ishe ka. Da rana wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi, a zuba taliya da garin rogo da baƙin yajinsu mai kifi. Da dare tuwon masara mai laushi da miyar ayoyo, wani lokaci da naman zabo, don zabi sun yi yawa a ƙasar. Akwai wagashi, cukun nono da ake soyawa, da tubani. Abin da ya gagare ni shi ne dokunu mai tsami, Hajiya ta lura ta daina sa mini. Ranar da na ba ta daddawar Kano ta shinshina ta ce tasu ta fi ƙarfi, kuma gaskiyarta ne.

Ruwa shi ne babbar wahalar gidan. Famfo yakan yi kwanaki bai kawo ba, idan ya kawo kuma tsakar dare ne. Za ka ji Hajiya tana buga ƙofofi, kowa ya tashi da bokiti da jarka, a cika duro kafin ya ɗauke. In ya daɗe bai zo ba sai a saya wurin masu babur mai bodi. Da bokiti ɗaya nake wanka da wanki. Abin da ya fi ba ni mamaki a gari kuwa mata a kan babur: malamar makaranta, 'yar kasuwa, tsohuwa da hijabinta har ƙasa, goyo a baya, kowa tana tuƙa nata, ba mai kallon ta. Masu keke mai ƙafa uku irin A Daidaita Sahu, su kuma Yalo-Yalo ake ce musu, sidi kaɗan su kai ka tsakiyar gari.

A wurin aiki mun haɗu da samari da 'yan mata 'yan Gana, da Turawa biyu, da ni. Shugabanmu makaho ne, malamin makaranta, ya yi karatu a makarantar makafi ta Wa. Mataimakiyarsa tana kan keken guragu, tela ce mai shago da yara masu koyo. Ranar farko ya kafa mana doka. Ya ce, "Kun zo taimako, mun gode. Amma in mun shiga gari, mu za mu yi magana. Ku ɗauki kujera, ku yi tafinta, ku rubuta, ku tura keke in an ce ku tura. Kada wanda ya faɗa wa mutane yadda makanta take alhali ina zaune." Wannan doka ita ce ƙashin bayan duk abin da muka yi, kuma na yarda da ita har zuciyata. Sau da yawa na ga baƙo mai lafiya ya yi dogon jawabi mutane suna gyangyaɗi, amma da telar nan ta ce ita ke biyan kuɗin makarantar ƙannenta, sai wuri ya yi tsit, iyaye su matso.

Mako yana tafiya kusan iri ɗaya. Litinin tsara aiki, tsakiyar mako makarantun firamare da ƙauyuka, wata rana gidan rediyo inda ake shiri da harshen Dagbani mutane suna bugo waya. Akwai kuma ranar awo, wadda na fi so. Mukan ɗauki tef mu zaga ofisoshi da asibitoci da masallatai da makarantu, mu auna faɗin ƙofa, mu ƙirga matakala, mu duba bayan gida. Gana ta yi dokar naƙasassu tun 2006, ta ba masu gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 10 su gyara, wa'adin ya cika a 2016. A 2012 kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. Duk da haka mun tarar da gangaren siminti da aka yi don keke amma ya miƙe tsaye, ko mai ƙarfi ba zai tura kansa ya hau ba. Mun ga wanda ya ƙare a bakin kwata, da wanda aka ajiye tukunyar fulawa a tsakiyarsa. Mataimakiyar shugaba takan je gaban gangaren ta tsaya, ta ce a kira mai wurin ya zauna a kekenta ya gwada. Wasu sukan ƙi, wasu su gwada su sauko suna gumi, su tambayi yadda ake gyarawa. Ban iya yi musu gori ba, don mu ma a Najeriya an sa wa tamu dokar hannu a Janairun 2019 da wa'adin shekara 5, ya cika a farkon 2024, kuma na san matakalar sakatariyar ƙaramar hukumarmu.

Shiga ƙauye yana da ƙa'ida. Sai an fara zuwa fada. Sarakunan Dagwamba a kan fatu suke zama, ka cire takalmi, ka durƙusa, ana tafa hannu a hankali, ka miƙa goro, ka faɗi abin da ya kawo ka ta bakin mai isar da magana. In sarki ya yarda, makaɗa su sanar, a taru ƙarƙashin bishiya. Idan aka tambaya ko akwai naƙasassu a garin, makafi tsofaffi ake fara nunawa. Yawancinsu a ƙauyukan bakin kogi suka tashi, inda baƙin ƙuda ke yaɗa cutar da ke makantarwa. An fara gagarumin yaƙi da ita a Afirka ta Yamma a 1974, da feshi sannan da rabon magani, shi ya sa ba ka cika ganin ta a jikin matasa ba. Amodari ma an tabbatar Gana ta kawar da shi a matsayin annoba a 2018. Waɗannan tsofaffi ba a ɓoye su, da mutuncinsu. Waɗanda ake ɓoyewa yara ne, kuma ba a taron ake jin labarinsu ba. Sai an watse wata mata ta ja ɗaya daga cikin 'yan matanmu gefe.

Haka aka kai mu wani gida a ƙauyen da ke hanyar Kumbungu. Yaron zai yi shekara bakwai, yana kwance a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, wuyansa bai tsaya ba, hannuwansa a dunƙule, ƙafafunsa sun harɗe. Uwar ta ce ta yi doguwar naƙuda a gida, da aka haife shi bai yi kuka da wuri ba, bayan kwana kaɗan idanunsa suka yi rawaya. Dangin miji suka ce ba mutum ba ne, wasu suka daina sayen abincin da take sayarwa. Na san maganar, don a garinmu ma na ji ana ce wa irinsa ɗan ruwa. A kwance take ɗura masa koko, yana shaƙewa yana tari. Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke raka mu ta zauna a ƙasa, ta ɗora shi a cinyarta, ta tallafe ƙeyarsa, ta sunkuyar da haɓarsa kaɗan, ta ba shi da ƙaramin cokali. Ya haɗiye ba tari. Ta yi wa uwar bayani cewa ƙwaƙwalwa ce ta samu rauni wajen haihuwa, ba ya yaɗuwa, ba laifin kowa ba ne, ba ya warkewa, amma yaron yana ji yana ganewa, kuma zai iya koyon abubuwa da dama. Uwar ta yi kuka sosai. Ta ce tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa ɗaukarsa sai ita.

Mun yi masa kujera da kwali. Ana samo kwali mai kauri, a yanka gwargwadon awon yaro, a jera shi hawa uku ana saɓa tsarin raminsa don ya yi ƙarfi, a manne da kunun garin rogo, a lulluɓe da tsofaffin jaridu da takardar buhun siminti, a shanya a rana har ya bushe ƙam, sannan a shafa fenti. Ana yi mata jingina da abin da zai raba ƙafafu da ɗan tebur a gaba. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, aikin ne ke cin lokaci. Ranar da muka kai, aka zaunar da shi a ƙofar gida. Yaran unguwa suka kewaye shi, da farko daga nesa, can wata yarinya ta ɗora masa murfin kwalba a kan tebur, ya yi ta ƙoƙari har ya ture shi, suka fashe da dariya har da shi. Kakansa, wanda aka ce bai taɓa shiga ɗakin ba, ya zo ya tsaya yana kallo. Ba zan ce zuciyarsa ta sauya a ranar ba, amma da muka koma bayan makonni mun tarar da kujerar a zaure kusa da buzunsa.

Ranar da aka kai mu makarantar kurame ta Savelugu, arewa da Tamale kaɗan, na shiga da fargabar ko za su gane hannuna. Ina fara gaisuwa yara suka yanyame ni. Mun fahimci juna fiye da yadda na zata, kuma akwai dalili: wani Ba'amurke baƙar fata kurma, Andrew Foster, shi ya buɗe makarantar kurame a Akra a 1957, sannan ya buɗe a Ibadan a 1960, don haka maganar hannu ta makarantun ƙasashen biyu tushenta ɗaya. Da na nuna musu irin ta cikin garin Kano, wadda kurame ke yi a kasuwa da majalisa tun kafin boko, sai ta zame musu sabuwa, suka yi ta kwaikwayo. Da dare na kira ƙanwata ta bidiyo ta gaisa da wata malama kurma, suka yi hira mai tsawo ba su nemi tafinta ba. Abin da ya dame ni shi ne da yawa cikin yaran sai sun girma ake kawo su, kuma in sun koma hutu babu mai iya magana da su a gida. Muka fara koya wa iyaye alamomi na yau da kullum: ruwa, yunwa, ciwo, zo, bari, ina son ka.

Ba kullum ake dawowa da daɗi ba. Akwai ƙauyen da aka tambaye mu, "Me kuka kawo?" Da muka ce magana ce, rabin taron ya watse, kuma ban ga laifinsu ba, mai jin yunwa ba jawabi yake nema ba. Shugaba yakan yi musu bayanin abin da yake haƙƙinsu: kashi 3 cikin 100 na asusun da gwamnati ke rabawa gundumomi, a lokacin da nake can, na naƙasassu ne, ga kuma tallafin kuɗi da gwamnati ke ba marasa galihu, wanda ake kira LEAP, da rajistar inshorar lafiya. Mukan cika musu takardu, amma wasu sun nuna mana takardar da suka kai tun bara ba amsa. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kusan mako, Mma ta yi jinyata da kunu da farfesun zabo. Da hunturu ya shigo, ƙura ta rufe hanyoyin ƙauye, leɓe ya tsage, man kaɗanyarta ne ya cece mu.

Wata Juma'a a bakin babban masallacin Tamale na ji ana bara da Hausa tsantsa. Makaho ne daga wajen Maraɗi, wani yaro ɗan kimanin shekara goma yana riƙe masa sanda. Na zauna muka gaisa, na ce, "Baba, yaron nan yana karatu?" Ya ce, "In ya tafi makaranta, wa zai ja ni?" Na daɗe ina juya wannan amsa. A Kano muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, muna da guragu masu ƙera kekuna da hannunsu, muna ba da sadaka ba ƙyashi, kuma ba na raina ko ɗaya. Amma sadakar nan ba ta taɓa tambayar ina yaron da ke riƙe da sanda zai ƙare ba, ba ta kuma shiga ƙuryar ɗaki ta ga wanda aka kwantar. Na haɗa dattijon da shugabanmu. Ya ba shi farar sanda ya riƙe, ya nuna masa yadda ake share gaba da ita hagu da dama, ya ce masa shi da ita yake zuwa aiki kullum. Dattijon ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya tambayi kuɗinta.

Ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, muka yi tattaki a cikin gari da makaɗa, makafi a gaba, masu kekuna a tsakiya, ɗaliban Savelugu suna rawa da bugun gangar da suke ji a ƙirjinsu. Ni aka sa tafinta a dandali, hannuna har ya yi tsami.

Kafin in taho na roƙi hutun kwana biyu na je Salaga, garin da ayarin goro ke sauka a da, inda Alhaji Umaru, wani shahararren malami na wancan zamani haifaffen Kano, ya zauna kafin ya koma Kete Krachi. Garin ya yi shiru yanzu, sai tsofaffin rijiyoyi da zuriyar fatake da har yau ke faɗin garuruwan kakanninsu. Mma ta sallame ni da ƙwaryar man kaɗanya da riga saƙi irin tasu, ta ce in gaida mahaifiyata. Na biyo hanyar da na zo, shingayen suna nan yadda na bar su, sai dai wannan karon ba a ce fasfona sabo ba ne.

Na dawo da awon kujerar a rubuce. Na kai wa mai unguwarmu maganar, matarsa ta ce ta san gida uku da ke da irin yaron nan, ita za ta fara shiga ta yi wa iyayen magana. Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta yarda za ta zo ta auna su, ƙanwata kuma ta karɓi aikin fenti. Kwali mai kauri muke nema yanzu, irin wanda ake zuba firji a ciki, na riga na yi magana da masu shaguna biyu a Sabon Gari.